Yadda ƙungiyar agaji za ta kafa asusun da zai riƙe ta shekara da shekaru

A ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa tsakiyar shekarar an rufe hukumar USAID, mai rarraba tallafin, gaba ɗaya. Ƙungiyoyin agaji da yawa a Najeriya sun wayi gari babu albashin ma'aikata, babu kuɗin man mota, aiki ya tsaya cak. Ƙananan ƙungiyoyinmu na Jos, irin waɗanda ke kula da marayu a Unguwar Rogo ko masu biya wa marasa lafiya kuɗin magani a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), yawancinsu ba su taɓa ganin dalar Amurka ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Kuɗi na shigowa ne da azumi, ko idan an yi rikici, ko gobara, ko ambaliya irin wadda ta ci Rikkos da Gangare a Yulin 2012. Da zarar labari ya yi sanyi sai hannu ya janye. Maraya kuwa yana cin abinci a watan Safar kamar yadda yake ci a Ramadan, kuma makaranta zango uku take karɓar kuɗi a shekara.

Maganin da manyan ƙungiyoyi suka samo shi ne keɓe asusu na musamman wanda ba ya jiran roƙo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun gaggawa na CERF a 2006 don kada a tsaya yawo da ƙoƙon bara bayan bala'i ya riga ya faɗa. Gidauniyar TY Danjuma da ke Abuja ta fara ne a 2009 da dala miliyan 100, Gidauniyar Aliko Dangote kuma an zuba mata dala biliyan 1.25 a 2014. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibara, Annabi (SAW) ya shawarce shi ya riƙe asalinta ya yi sadaka da amfaninta, sai ya sharɗanta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Shi ne waƙafi ko hubusi. Ƙungiyar coci da ke son yin haka za ta kira shi asusun gidauniya, tsarin dai ɗaya ne, kuma kusan duk abin da ke ƙasa ya shafe ta.

Tara kuɗin ba shi ne mai wuya ba. Mutanen Jos suna da hannun kyauta. Abin da ke kashe irin wannan asusu abu biyu ne: hauhawar farashi da ke cinye shi a hankali, da kuma shugabannin ƙungiya masu kyakkyawar niyya da ke "aro" daga cikinsa. Duk matakan nan kariya ce daga waɗannan biyun.

Mataki na farko: a raba kuɗin ƙungiya tun kafin a fara

Ƙungiyar da kuɗinta duka ke cikin asusu ɗaya ba ta san abin da ta mallaka ba. Ma'aji zai duba waya ya ce akwai miliyan tara, alhali miliyan biyar na rijiyar da wani Alhaji ya ce a haƙa ne, miliyan biyu zakka ce, ragowar ne kawai na ƙungiya.

Akwai kuɗin da aka ba da don aiki takamaimai. Wanda ya bayar ya faɗi abin da yake so, kuma ba a juya shi zuwa wani aiki sai da izininsa, a rubuce. Idan daga wata hukuma ta waje ya zo, a karanta yarjejeniyar da kyau, domin wasu ko ragowar canji sai an mayar musu.

Akwai zakka. Ita tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma mafi yawan malamai suna ganin sai an miƙa ta ga masu ita, ba a mayar da ita jarin waƙafi. A buɗe mata asusunta daban a huta da gardama.

Akwai ajiyar ko-ta-kwana. Wannan kuɗin ƙungiya ne na kanta da ta ware don ranar da babu: hayar ofis, albashi, abincin yaran da ke hannunta. Abin da aka saba ba da shawara shi ne ya kai kuɗin gudanarwa na wata uku zuwa shida. Ana taɓa shi idan an matsu, sannan a mayar.

Sai na huɗu, waƙafin kansa, wanda ba a taɓa uwar kuɗinsa ko kaɗan, amfaninsa kawai ake ci.

A ganina duk ƙungiyar da ba ta da ajiyar wata uku bai kamata ta fara maganar waƙafi ba tukuna. Idan babu na uku, ranar da aka shiga matsi na huɗun za a faɗa wa, ko da kuwa an rantse da Alƙur'ani.

Mataki na biyu: rajista

Waƙafi yana bukatar mai riƙe shi wanda ba ya mutuwa. Idan aka sayi shago da sunan shugaban ƙungiya, ranar da Allah ya karɓi ransa shagon ya shiga lissafin gado, kuma magada ba su yi laifi ba idan suka ce takarda ce hujjarsu. Don haka ƙungiya ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Ana buga sunayen amintattun a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan satifiket ya fito, ƙungiya ta zama kamar mutum a idon doka: tana iya mallakar fili, ta kai ƙara, a kai ta ƙara. Sai a nemi lambar haraji, da takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, domin banki zai tambaye ta kafin ya buɗe asusu. Wannan duk aikin lauya ne na 'yan makonni. Abin da lauya ba zai yi muku ba shi ne zaɓen amintattu. Kada su zama 'yan gida ɗaya, kada su zama duka almajiran malami ɗaya waɗanda ba za su iya ce masa a'a ba, kuma a samu aƙalla mutum guda da ya san lissafin kuɗi, da mace ko mata idan aikin ya shafi zawarawa da marayu.

Mataki na uku: takardar waƙafi

Nan ya kamata a zauna a ɓata lokaci, domin abin da aka rubuta a yau shi zai yi magana bayan duk waɗanda suka zauna sun bar duniya.

A fara da manufa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙuntata ta. Wani ya ce ribar shagonsa ta tafi wajen sayen kananzir na fitilun makarantar allo ta unguwarsu. Bayan shekara goma an sa wutar sola, kananzir ya zama tarihi, amintattu sun rasa yadda za su yi da kuɗin. Wani kuma ya sake ta fiye da kima, ya ce "ayyukan alheri", sai a wayi gari ana sayen lasifika da shimfiɗar taro da kuɗin da ya yi niyyar marayu su ci. Tsaka-tsaki ita ce a rubuta kamar haka: amfanin wannan waƙafi na karatu da lafiyar marayu ne da ke zaune a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, idan kuma wannan bukata ta kau ko ta gagara, amintattu za su mayar da shi ga aikin da ya fi kusa da ita, bayan shawarar malamai biyu. A garin nan akwai wata tambaya da ba a so a yi amma dole ce: masu amfana Musulmi ne kaɗai, ko Kirista kaɗai, ko duk mabukaci? Kowace amsa mai waƙafi ya bayar haƙƙinsa ne, amma a rubuta ta, kada a bar wa na baya su yi ta faɗa a kai.

Sai maganar karɓa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, furuci kaɗai bai isa ba, sai abin ya fita daga hannun mai shi ya shiga hannun masu kula. Idan mutum ya ce gidansa na Nasarawa waƙafi ne amma ya ci gaba da karɓar haya yana sa wa aljihu har ya rasu, waƙafin ya ɓaci, gida ya koma gado. Idan kuma a ciwon ajali ya yi, ko a wasiyya, ba ya wuce sulusin dukiya sai magada sun yarda. Ma'ana, ranar da Hajiya ta ce ta ba da shago, kada a tsaya godiya da addu'a kawai. A karɓi makulli, a sanar da ɗan haya cewa daga wata mai zuwa asusun ƙungiya zai biya, a kira 'ya'yanta manya su zauna a matsayin shaidu su sa hannu. Wasu suna jin nauyin kiran 'ya'yan. Kiran nasu a yau, uwarsu na zaune tana faɗa da bakinta, ya fi sauƙi a kan haɗuwa da su a kotu. Tsarin mulkin 1999 ya sa rikicin waƙafi cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa, kuma Filato na da irin wannan kotu, amma babu ƙungiyar da ke son kuɗin marayu ya ƙare a kuɗin lauya.

Ɓangaren gwamnati ma yana nan. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma sauya mallakar fili mai takardar shaidar mallaka ta gwamnati (C of O) sai da amincewarsa. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni irin su Gangare da Dilimi takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa. A karɓa, amma a fara neman takardar gwamnati da sunan ƙungiya tun mai bayarwa yana raye.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne izinin musanya. Malaman Malikiyya suna tsanantawa a kan sayar da gida ko filin waƙafi, wasu mazhabobin sun fi sassauci. Hanya mafi sauƙi ita ce mai waƙafi ya sharɗanta tun farko cewa idan kadarar ta daina kawo amfani, amintattu za su iya sayar da ita su sayi makamanciyarta. Wanda ya zauna a Jos ya san dalilin wannan sharaɗi. Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 mutane sun yi ta ƙaura daga unguwa zuwa unguwa, akwai gidajen da masu su ba sa iya zuwa karɓar haya.

Mataki na huɗu: tara jarin

Ba sai an jira attajiri ba. A yanka waƙafin gunduwa-gunduwa, a ce kowane kaso naira dubu goma ne, mutum ya saya wa kansa ko mahaifiyarsa da ta rasu, a ba shi rasit mai lamba da ke cewa wannan kuɗi na waƙafi ne ba na rabo ba. 'Yan kasuwar Katako da Farin Gada da 'Yan Kwalli sun saba da adashi, don haka biyan wata-wata ba zai yi musu baƙo ba. A kuma yanke cewa wani kaso na duk gudummawar da ba a ɗaure ta da sharaɗi ba, a ce kashi biyar cikin ɗari, zai riƙa shiga waƙafi, amma a sanar da masu bayarwa tun kafin su bayar. Kada a yi shi a ɓoye.

Ba kowace kyauta ake karɓa ba. Gidan da ke da shari'a a kansa, filin da ke bayan gari babu hanya kuma sai an biya mai gadi, tsohuwar motar da gyaranta ya fi abin da za ta kawo, duk waɗannan nauyi ne aka sauke muku. A yi godiya, a nemi izinin sayarwa a zuba kuɗin a asusu, in mai shi bai yarda ba a ba shi haƙuri.

Mataki na biyar: inda za a sa kuɗin

Barin kuɗi a asusun banki haka kawai asara ce. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. Kuma ko banki ba ya da tabbas ɗari bisa ɗari: a Yunin 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage, inshorar NDIC kuma naira miliyan 5 take tabbatar wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin. To ƙungiya mai miliyan 30 ta raba su banki biyu ko uku, kuma kada ta bar su kwance.

Ga ƙungiyar da ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus da suka biyo baya, suna da asusun zuba jari na raba riba. Akwai kuma sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci. Ofishin kula da basussuka na DMO ya fitar da na farko a 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, yana biyan kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, aka yi hanyoyi da kuɗin. Ana biya sau biyu a shekara, kuma da naira dubu goma ma ana shiga. Ƙungiyar da ba ta da wannan damuwa tana da takardun lamuni na gwamnati na gajere da dogon zango.

Sukuk yana da kyau wajen tabbas: kun san ranar da kuɗi zai shigo, kun san nawa ne, babu ɗan haya mai ba da uzuri. Amma a duba abin da ya faru da wanda ya sa miliyan ɗaya a 2017. A 2024 an mayar masa da miliyan ɗayansa cif. A 2017 dala tana wajen naira 360 a kasuwa, a 2024 ta haura 1,500. Buhun shinkafa da bai kai dubu 20 ba ya wuce dubu 80. Idan duk ribar da aka riƙa biyansa ya rabar da ita, to a takarda uwar kuɗinsa tana nan, a kasuwa kuwa kashi uku cikin huɗu sun tafi.

Shago da gidan haya sun fi jure wa wannan, domin haya tana bin farashi ko da tana tafe a baya, ginin kansa kuma darajarsa na tashi. Ɗakunan ɗalibai kusa da Jami'ar Jos, ta wajen Naraguta da titin Bauchi, ba sa rasa mai shiga, sai dai idan an tafi yajin aiki. Matsalar gini ita ce yana cin kuɗi: rufi, soka-awe, fenti, harajin ƙasa. Yana kuma ƙonewa. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, kuma duk wanda arzikinsa kaf ke cikinta ya san abin da ake nufi da tara ƙwai a wuri guda. A yi wa ginin inshora, akwai kamfanonin takaful ga masu son tsarin Musulunci, kuma kada shagunan ƙungiya su zama duk a layi ɗaya.

Ga wata matsala da ba a cika faɗa a taro ba. Shagon waƙafi yakan faɗa hannun ƙanin sakatare ko surukin shugaba. Shekarar farko ya biya. Ta biyu ya kawo rabi ya ce kasuwa ba ta tafiya. Ta uku idan ma'aji ya je sai a kawo masa kujera da lemo, a tambaye shi iyali, ya tashi bai iya buɗe baki ba. Maƙwabcinsa da ke shagon wani ɗan kasuwa an ƙara masa haya sau biyu a wannan tsakanin. Maganin abin shi ne doka tun farko: amintacce da danginsa na kusa ba sa hayar kadarar ƙungiya, ana ba da haya ne a farashin layin, da takarda, a sabunta duk shekara, kuma a ba wani ejan na waje aikin karɓa ko da zai ci kasonsa. Shi ba ya jin kunyar kowa.

Shawarata ga ƙungiyar da ta tara abin kirki ita ce ta haɗa biyun: wani ɓangare a gini don ya riƙe daraja, wani a sukuk ko makamancinsa don kuɗi ya riƙa shigowa a kan lokaci. Idan jarin bai kai na sayen shago ba, a fara da sukuk ana mayar da ribar ciki har ya kai. Idan za a ba wani kamfani ya juya, a tabbatar yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Duk wanda ya zo da alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda a nuna masa ƙofa. Tsarin damfara na MMM ya rufta da mutane a Disambar 2016, CBEX ya maimaita a Afrilun 2025, kuma a duka biyun wasu da suka shigar da 'yan uwansu da zuciya ɗaya suka yi. Haka nan ba a ba amintacce jarin waƙafi ya saro masara ya ajiye don a raba riba, komai amanarsa. Idan aka yi asara babu mai iya tuhumarsa, idan aka ci riba babu mai sanin ko nawa ce.

Game da haraji, ƙungiyar agaji mai rajista tana da sassauci, amma sassaucin bai rufe kuɗin da ta samu ta hanyar kasuwanci ba. Dokokin haraji sun sauya daga farkon 2026, don haka a zauna da akanta kafin a buɗe gidan burodi ko masana'antar ruwan leda da sunan ƙungiya.

Mataki na shida: nawa za a kashe a shekara

A Amurka doka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu su raba wajen kashi biyar cikin ɗari na dukiyarsu duk shekara, manyan jami'o'i ma kusan haka suke cira daga asusunsu. Lissafin yana tafiya a can ne saboda hauhawar farashi ba ta da yawa. A nan sai an yi namu lissafin.

A ce ƙungiya tana da miliyan 20 a sukuk mai biyan kashi 16. Miliyan 3.2 ke nan a shekara. Idan aka kashe su duka, kuma farashi yana tashi da kashi 25 duk shekara, bayan shekara uku miliyan 20 ɗin abin da miliyan 10 da ɗoriya ke saya a yau kawai za su saya. Yaran da kuke ɗauka arba'in za su koma ashirin ba tare da kowa ya saci kwabo ba. Manomin dankalin turawa a Bokkos ya san ba duk abin da ya haƙo ne na kasuwa ba, sai ya ware iri, kuma idan yana son gonar baɗi ta kai ta bana irin ba ya raguwa. Wani ɓangare na abin da kuke kira riba iri ne.

Don haka a rubuta ƙa'ida kafin kuɗi ya fara shigowa. Misali, daga ribar sukuk a mayar da rabi cikin uwar kuɗi muddin hauhawar farashi ta fi kashi 15, a yi aiki da rabin. Daga kuɗin haya a fara cire kashi 15 zuwa 20 a ajiye don gyara, a mayar da wani kaso cikin jari, ragowar ta tafi ga masu amfana. Gaskiya ne ko rabin da aka mayar ba zai cike giɓin duka ba a shekarar da farashi ya yi tashin gwauron zabi, shi ya sa karɓar sababbin kason waƙafi ba ya tsayawa. Waɗannan alƙaluma ba wahayi ba ne, kowace ƙungiya ta duba halinta. Abin da ba ya canzawa shi ne a yanke su a lokacin da hankali ke kwance, kuma canza su ya bukaci kashi biyu cikin uku na amintattu.

A kuma riƙa kashe abin da ya shigo bara, ba wanda ake sa ran zai shigo bana ba. Idan an samu shekara uku ana tafiya, a ɗauki matsakaicin ukun a yi kasafi da shi, ta yadda shekarar yajin aikin jami'a ba za ta sa a kori yara daga makaranta ba. Alƙawarin dogon zango, kamar ɗaukar yaro daga aji ɗaya na sakandare har ya gama, shi ya fi dacewa da kuɗin waƙafi, kuma kada jimillar irin wannan alƙawari ta wuce kashi 70 na abin da ake sa ran samu. Rabon shinkafar azumi da kayan sallah a bar wa gudummawar shekara-shekara, ita ba ta rasa masu bayarwa.

Kuɗin gudanarwa halal ne. Sayyidina Umar da kansa ya ce babu laifi mai kula da waƙafin ya ci daga cikinsa gwargwadon abin da aka saba. A sa masa iyaka, a ce kashi goma na amfanin, a rubuta shi a fili. Ƙungiyar da ke alfahari cewa ba ta kashe ko sisi a gudanarwa, galibi wani ne ke biya daga aljihunsa, kuma ranar da ya gaji aikin ya tsaya.

Mataki na bakwai: ranar da za a nemi aro

Za ta zo. Yawanci saura mako guda azumi, ko washegarin wata masifa, mutane sun cika harabar ofis. Shugaba zai dubi ma'aji ya ce, "Alhaji, a ciro miliyan biyar daga waƙafi mu sayi hatsi, bayan sallah in gudummawa ta shigo sai mu mayar." Kowa ya yi shiru, domin maganar ba ta son zuciya ba ce, ga mayunwata a ƙofa. Ma'ajin da aka ba kariya zai iya cewa, "Allah ya gafarta Malam, ba ni da ikon wannan. Takarda ta hana, kuma banki ba zai saki ba sai da sa hannun mutum uku. Amma akwai miliyan biyu a ajiyar ko-ta-kwana, a fara da su yau, gobe mu fita neman taimako." Wanda ba a ba kariya ba zai ce to, kuma bayan sallah wata bukatar za ta taso kafin a mayar.

Kariyar ita ce: asusun waƙafi daban a banki daban, babu katin ATM, babu manhajar tura kuɗi a wayar kowa, sa hannu uku cikin biyar kuma ɗaya daga cikinsu ba ya cikin masu gudanar da aikin yau da kullum. Idan ƙungiya na ganin tana yawan bukatar kuɗin gaba kafin alƙawarin masu bayarwa ya iso, ta buɗe wani ƙaramin asusun juyi don haka kaɗai. CERF ma yana da irin wannan sashe na dala miliyan 30 da yake ba hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya rance idan mai bayarwa ya riga ya yi alƙawari a rubuce. Sharaɗin ke nan: takardar alƙawari a hannu, ba fata ba.

Mataki na takwas: bayani da maye gurbi

Duk shekara a kawo odita daga waje, a aika rahoton shekara ga CAC kamar yadda doka ta ce, sannan a fitar da takarda shafi guda da Hausa: uwar kuɗi nawa ce a farkon shekara, nawa ce a ƙarshe, nawa ya shigo, nawa aka mayar, yara nawa aka biya wa. A manna a allon masallaci ko coci, a tura a zauren WhatsApp na masu kaso. A ƙara layi ɗaya da yawancin rahotanni ba sa sawa, wato buhun masara nawa uwar kuɗin za ta saya a Katako bana, nawa ta saya bara. Wannan layin ne zai nuna ko asusun yana girma ko yana ramewa.

Amintattu su yi wa'adi, shekara huɗu ko biyar, kuma kada su sauka rana ɗaya, a riƙa sauya biyu-biyu don a samu wanda ya san tarihin kowace takarda. Idan ɗaya ya rasu ko ya bar gari, a cike gurbinsa cikin wata uku a sanar da CAC da banki, domin asusun da masu sa hannunsa suka mutu buɗe shi aiki ne na watanni. Asalin takardun filaye da na sukuk a ajiye su a banki ko ofishin lauya, kwafi a wurin amintattu biyu, hotonsu kuma a imel ɗin ƙungiya wanda aƙalla mutum uku suka san kalmar sirrinsa.